Rawayar Waya

Ni ne Tasi'u na bakin Ƙofar Ruwa,
Rumfa ta uku in ka bi hagun hanya.

Wutar mota nake yi tun ina yaro,
Haƙorina ya gutsure garin feɗe waya.

Ran Talata bayan azahar sai ga Nafi'u,
Da tsohuwar fijo, fenti ya koɗe ta baya.

Ya ce, "Motar Baba ce, ni na gada,
Cire min rediyon nan, ba shi da murya."

Ya buɗe kwali, sabo fil mai gilashi,
Wanda ake shafa wa yatsa ya kama waya.

Da lasifika huɗu, da ƙaton akwatin but,
"So nake a ji ni daga Kurna har Zariya."

Na ce, Ɗanliti, cire kan batir tukuna,
Wuta ba ta san maigida ba, ba ta kunya.

Sukurori huɗu, na zaro na kamfani,
Bayansa ɓawon gyaɗa da sulai ɗaya.

Ashe wani gwani ya riga ni shiga nan,
Ya bar wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya.

Ya ɗaure da leda inda ake sa tef,
Fis ɗin azurfar kwalin taba ce, Allah ya shirya.

Matso, yaro, ka ga yadda ake karatunsu:
Ja tana jiran makulli, sai ya murɗa ta iya.

Baƙa ta jikin ƙarfe ce, kankare tsatsa,
In ba ta zauna ba, kukan sauro za ka saya.

Fara da toka, koriya da shunayya,
Biyu-biyu suke, kowace da 'yar rakiya.

Ka juya su kuwa, kai ya koma ƙafa,
Gangar da ka biya kuɗi ta zama ƙwarya.

Siririyar nan mai tada amfilifaya,
Kar ka haɗa ta da kowa, ita ce shuɗiya.

Amma wadda nake girmamawa cikinsu,
Ga ta nan, kama da kyau, rawaya.

Kai tsaye take zuwa batir, ba ta barci,
Mota na kashe, ita tana tsaron abin jiya.

Agogo da tashoshi ita ke riƙe su,
Yanke ta, rediyo ya farka bai san duniya.

Zan ajiye tsohon, sai na ji motsi ciki,
Kaset ne ya maƙale shekaru, ya ƙi tafiya.

Na lallaɓa da tsinke, na fito da shi,
An rubuta da biro: "Saƙo ga Rabi, daga Libiya."

Nafi'u ya yi tsit.
Na ɗora tsohon kan benci, na goge kai da auduga,
Na ba shi wuta, ya yi tari, ya yi miƙa,
Sai ga murya.

"Rabi, kuɗin na hannun Garba direba,
A sai wa Nafi'u takalmi, kar ya taka ƙaya."

Ɗanliti ya ajiye filaya a hankali,
Mai shayin gefe ya daina dariya.

Yaron ya ce, "Sabon zai ci kaset?"
Na ce ba shi da baki, wannan ce gaskiya.

Na yi wa tsohon gurbi ƙarƙashin aljihun gaba,
Na sa makunni tsakani, da fis na kariya.

Na raba rawayar biyu, na ɗiga dalma,
Tsoho da sabo suna sha a rijiya ɗaya.

Kuɗin aiki na karɓa, ban rage sisi ba,
Tef da dalma ba kyauta nake samu ba, wuya.

Ya tada mota, na kasa kunne in ji rugugi,
Gilashi a rufe, ya bi layi lafiya.

Ko rumfar Sagiru ba ta ji fitarsa ba,
Balle Zariya.